Ranar da Alec Relph Ya Zubar da Ruwan Bokiti

Shekara da shekaru, duk safiyar Allah, kafin Glenda Tinnion ta ɗora tukunyar shayi a kicin ɗin kulob, Alec Relph ya riga ya iso fili. Daga tagarta take hango shi, dogo, ya ɗan rankwafa, hular ulu har kunne, yana jan gwiwar hagu. Yakan fara daga turakun gola da ke wajen teku ya bi layi har na wajen tsohon ramin kwal, idonsa a ƙasa. Fasasshiyar kwalba, kashin kare, murfin gwangwani, duk yana tsincewa yana zubawa a leda. Ruwan sama ba ya hana shi, don a garinmu Brigmoor wanda zai jira a ɗauke ruwa sai ya tsufa a ɗaki. In ya gama sai ya je famfo ya cika bokitin nan nasa na ƙarfe da ruwan sanyi, ya jefa soso a ciki, ya ajiye a bakin fili, ko akwai wasa ko babu. Sannan ya zo taga.

"Glenda, ruwan wanke-wanken nan naki ya tafasa?"

"Ya tafasa. Biskit ne dai ban ga mai haƙoran taunawa ba."

"Haƙorana suna can cikin ciyawa, wajen layin tsakiya. In kin samu sarari ki je ki tsinto."

Haka suke gaisawa tun Glenda tana amarya, yau ga ta da jika. Ba a taɓa jin ɗayansu ya ce wa ɗaya ina kwana ba.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi bikin saukar Alec daga horar da ƙungiyar zari-ruga ta garinmu. Jaridun birni ba su zo ba, 'yan talabijin ma ba su san da zamansa ba. Shi ya sa nake wannan rubutu, don mutumin da ya yi abin da Alec ya yi bai kamata ya sauka shiru ba.

A layin gidajen 'yan kwal aka haife shi, yana barin makaranta ya bi ubansa rami. Wata babbar ƙungiya ta bakin teku ta hango ƙirjinsa ta ɗauke shi, ya yi mata shekara goma sha wani abu a sahun gaba, inda aikin mutum shi ne ya rungumi ƙwallo ya ruga cikin ƙattai uku, a maka shi da ƙasa, ya tashi ya sake. Asabar yana fili, Litinin yana ƙarƙashin ƙasa. Turmi sha daka! Har yau tsofaffi in giya ta fara ratsa su sai sun ba da labarin ranar da aka karya masa muƙamuƙi tun farkon wasa, ya ɗaure haɓa da bandeji ya ƙarasa, ya yi wata guda ba ya cin komai sai romo. Akwai kuma wasan da ya buga gaba ɗayansa bai san ya buga ba, sai a mota kan hanyar gida yake tambaya yaushe za a fara. Wannan shi ya fi ba mu dariya. Mun yi shekaru muna kwasar dariyarsa, shi ma yana taya mu.

To ai haka muka taso muka tarar. In mutum ya sha karo ya faɗi, sai a rugo da bokiti, a matse masa soso mai sanyi a ƙeya, a shaƙa masa wani abu mai hawa kai, a tambaye shi sunansa. In ya faɗa, ya koma wasa. In bai faɗa ba, a gaya masa, ya koma wasa. An ce akwai doka a kan haka yanzu, kuma a manyan filaye masu likita ana bin ta. Amma a nan, inda likitanmu shi ne bokiti, namijin da ya fita daga fili da ƙafafunsa biyu alhali ba a busa tashi ba ya ja wa gidansu magana har jikoki. Alec kuwa shi ne uban wannan al'ada. Tunda ya zama koci bai taɓa fitar da mutumin da ke iya tsayuwa ba.

Da aka rufe ramin kwal, maza suka zauna a gida suna kallon bango, Alec ne ya bi su ƙofa ƙofa. Ba ya lallashi. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Matarka ta gaji da ganin fuskarka. Ɗauko takalmanka." Akwai magidanta a garin nan da za su gaya maka cewa ba don wannan ƙwanƙwasa ƙofar ba, da kwalba ta ci su. Shi ya kafa ƙungiyar 'yan mata lokacin da ake yi masa dariya. Shi ke tuƙa tsohuwar bas ɗin kulob, shi ke shafa farin layi, shi ke raka yara gida in iyayensu sun makara. Da Ronnie, mijin Glenda, ya rasu ya bar ta da ƙaramin Dale, Alec bai zo da dogon jawabi ba. Shi da Ronnie kafaɗa da kafaɗa suka yi wasa shekaru. Ya zo ne kawai ya tsaya a ƙofa ya ce wa yaron ya ɗauko takalmansa.

Dale Tinnion ya girma ya zama ɗan wasan da Brigmoor ba ta taɓa haifar irinsa ba. Ranakun mako yana kan rufin gidajen mutane yana jera musu fale-falen dutse, don sana'arsa ke nan. Ranar Asabar kuwa in ya riƙe ƙwallo sai ka ji fili ya yi tsit. Shekara uku da suka wuce shi ya ja mu har wasan ƙarshe na kofin yanki, kofin da rabonmu da shi tun Alec yana saurayi. Abokan karawar kuma Caldfoot ne, 'yan ƙetaren kogi, waɗanda in sun doke mu sai mu shekara muna sunkuyar da kai a kasuwa.

A wannan watan ne matar Dale, Kirsty, ta haifi 'ya mace, aka sa mata Elsie. Dale ya ishi gari da sunan nan. Elsie ta yi atishawa, Elsie ta riƙe masa yatsa, Elsie ta fi kowa hanci. Har abokan wasansa suka ce in ya sake ambatonta a ɗakin canza kaya za su kulle shi a banɗaki.

Ranar wasa garin ya tashi kakaf, ko kare ba a bari a gida ba. Glenda ta rufe kicinta ta samu wuri a jikin shingen ƙarfe, gaba da kowa. Wasa ya yi nisa, muna gaba da maki biyu, saura kaɗan a tashi. Wani ƙaton ɗan Caldfoot ya taho a guje, Dale ya sunkuya zai kama shi, gwiwar mutumin ta same shi a gefen kai. Glenda ta ji ƙarar daga inda take. Dale ya kife. Alƙalin wasa yana can yana bin ƙwallo, bai gani ba.

"Tashi!" in ji Glenda. "Tashi, ɗan Ronnie!"

Ya tashi. Ya yi taku biyu kamar wanda ke tafiya a kan katifa, ya tsaya, ya ɗaga hannu wai lafiya lau. Jama'a suka ɗauki tafi. Ga Alec nan ya shigo da ɗingishinsa, bokiti a hannu, ruwa na fantsala. Sai aka fara rera masa kamar kullum: "Soso! Soso! Soso!"

Alec ya ajiye bokitin. Ya kama fuskar Dale da hannu biyu ya yi masa magana. Dale ya amsa. Ya sake yi masa magana, ya sake amsawa har da dariya. Sai Alec ya faɗi wani abu na uku, kuma Glenda ta ga ɗanta ya buɗe baki ya rufe.

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani har yau in suna faɗa sai sun girgiza kai. Alec Relph ya sunkuya ya ɗauki bokitin, ya juye ruwan a kan ciyawa, soso ya faɗo. Ya damƙi hannun Dale ya juya wajen benci ya yi alamar canji.

Waƙar ta mutu a bakin mutane. Na rantse har kukan tsuntsayen teku aka ji.

"Tsoho, me kake yi?" in ji Dale yana fizgewa. "Lafiyata lau! Sake ni!"

"Ka gama na yau."

"Ka haukace ne? Wasan ƙarshe ne fa!"

"Na ce ka gama. Daga nan asibiti."

Sai fili ya fashe. Magidantan da Alec ya tsamo daga kwalba suna nuna shi da yatsa. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce tsoro ne, wani ma ya ce a bincika ko Caldfoot na da 'yar'uwarsa. Amma muryar da ta fi ta kowa tashi ita ce ta Glenda.

"Mai da shi, Alec! Ni na haife shi, na san kansa! Kai da ka yi wasa da karyayyen muƙamuƙi, yau kai ne mai tausayi? Da Ronnie na nan da ya tofa maka yawu!"

Alec ya dube ta. Ya zaunar da Dale a benci ya tsaya a gabansa kamar ƙofa. Babu Dale, sahunmu ya warware. Caldfoot suka ratsa mu ana dab da busa tashi, suka ɗauke kofin a kan idonmu.

A bas babu wanda ya zauna kusa da shi. Ya ce wa manyan kulob a kai Dale asibiti, suka ce su ma ciwon kai suke yi, ko za a haɗa da su. Dale ya wuce mashaya da abokansa. Ranar Lahadi Alec ya je ƙofar gidansa ya ƙwanƙwasa, Dale ya hana Kirsty ta buɗe. Wannan ce ƙofa ta farko a Brigmoor da aka taɓa rufe wa Alec Relph.

Litinin da safe Glenda ta zo kicin da maganganunta a jere, ta kwana tana wasa su. Ta hango shi ya ratso fili bai tsinci komai ba, bai je famfo ba, ya nufo taga kai tsaye da sauri. Ta naɗe hannu tana jira ya ce ruwan wanke-wanke.

Ya tsaya. Ya dube ta. Leɓensa yana motsi.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "na san fuskarki. Na zo ne in gaya miki wani abu."

"Baiwar Allah? Yau ni ce baiwar Allah? Bayan abin da ka yi mana, har da raini?"

"Abu ne mai muhimmanci," in ji shi. Ya cire hula yana murza ta. "Yana nan yanzun nan. Don Allah ki gaya mini sunanki, wataƙila ya dawo."

Glenda ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta ga idanunsa. Ta san idanun Alec in yana tsokana, ta san su in yana fushi. Waɗannan ba ta san su ba. Tsoro ne a cikinsu, irin na yaron da ya ɓace a kasuwa. Cokalin da ke hannunta ya faɗi.

Sai ga Hazel, matar Alec, ta shigo. Watanni ke nan Glenda tana ganin Hazel tana kawo shi da mota tana jira a bakin ƙofar fili, har tana yi musu tsiya wai soyayya ce ta dawo da tsufa. Hazel ta kama hannun mijinta ta zaunar da shi, sannan ta juyo.

"Glenda, tun kaka likita ya gaya mana. Ƙwaƙwalwar ce. Dukan da ya sha ne yake fitowa yanzu. Ya hana ni faɗa, wai sai an gama kakar wasa, kada hankalin yaran ya rabu."

Glenda ta dafa kanta. "Hazel, tun kaka? Shi ke shafa layi, shi ke..."

"Ni nake bin bayansa. Bas ma ai kin ga ya ba wani tuƙi, kuka ce lalaci ne. Wata rana ya tsaya a kicinmu, 'yarmu Joanne tana gabansa da jikokinsa, ya kasa kiran sunanta. Ya shiga ɗaki ya yi kuka. Shekara arba'in ina tare da shi ban taɓa ganin hawayensa ba." Hazel ta share hanci. "Amma ba wannan ya kawo mu ba. Kin san abin da ya tambayi Dale a fili? Ya tambaye shi sunansa, ya faɗa. Ya tambaye shi nawa ake ci, ya faɗa. Sai ya ce masa, yaya sunan 'yarka? Glenda, Dale bai sani ba. Ya tsaya yana kallonsa. Tun daga gida har nan Alec yake maimaitawa a mota don kada ya manta: Glenda, asibiti, Glenda, asibiti. Yana isowa taga abin ya tsere masa."

Glenda ba ta san lokacin da ta ɗauki waya ta kira Kirsty ba. Kirsty ta ce Dale ya yi amai da asuba, ya ce giyar Asabar ce, ya sha maganin ciwon kai ya tafi aiki. Yana kan rufin wani gida mai hawa biyu a bayan coci.

Mutanen layin sun ce ba su taɓa ganin mace mai shekarun Glenda tana gudu haka ba, da rigar kicin a jikinta. Ta tsaya a gindin tsani.

"Dale! Sauko!"

"Mama, aiki nake yi. Me ya faru?"

"Ka sauko a hankali, ka riƙe da hannu biyu. In ba ka sauko ba zan hau, ka kuma san zan hau."

Ya sauko yana gunaguni. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya dafa bango. Ta ga ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗaya girma. A asibiti aka ɗauki hoton kansa aka ga jini na taruwa a ƙarƙashin ƙashi, ranar aka yi masa aiki. Likitan ta gaya wa Glenda da Kirsty cewa da ya sake shan ko da ƙaramin karo a wannan wasan, da wuya ya bar filin da rai. Ta tambaya wa ya fitar da shi. Glenda ta ja da baya. Ta zauna a kujerar roba tana jin muryar kanta tana cewa mai da shi, mai da shi.

Labari ya zaga gari kafin yamma. Ban taɓa ganin Brigmoor ta yi shiru irin na wannan makon ba. Maza suna haɗuwa a hanya suna kawar da kai. Labarin wasan da Alec ya buga bai san ya buga ba, wanda muka shekara muna dariyarsa, babu wanda ya sake ba da shi. Ashe ciwon mutumin muke yi wa tafi.

Alec, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ne ka san inda hanyar soso take kai mutum, don ka bi ta har ƙarshe, kana tsaye a can lokacin da muke yi maka ihu. Kai ne ka san za mu tsane ka, ka san kofin nan shi ne na ƙarshe da za ka iya ɗagawa kana sane da cewa ka ɗaga, amma ka juye ruwan. Da ka matse wa Dale soso a ƙeya da mun ɗauke ka a kafaɗa. Ka zaɓi ka koma gida a bas kai kaɗai a kujera. Mun sha kiranka jarumi saboda muƙamuƙi. Ba mu san jarumtarka ba sai ranar da muka zage ka.

Dale bai sake buga wasa ba. Shi ya zama hannun daman Alec a shekarun nan uku, yana tsaye kusa da shi yana raɗa masa sunayen 'yan wasa, kuma shi ne kocinmu daga yanzu. A Brigmoor yau in kan mutum ya bugu, fita zai yi, ko ɗan wane ne, ko ana saura taku ɗaya a ci kofi. Iyaye ma sun daina gardama, don in wani uba ya fara ɗaga murya sai Glenda ta leƙo ta taga. Bokitin kuwa Dale ya huda gindinsa da ƙusa, Glenda ta cika shi da ƙasa ta shuka na'ana'a.

Ku masu horar da 'ya'yan mutane a ƙananan filaye, inda babu likita sai ku, ga abin koyi nan. Ku iyaye masu tsayuwa a jikin shinge, ku ji tsoron bakinku. In yaro ya tashi yana layi, kada ku yi masa tafi. Kofi ana sake buga shi baɗi.

Alec yana zuwa fili har yanzu, Hazel na riƙe da hannunsa. Wasu ranakun yakan tsinci kwalabe, wasu ranakun yakan tsaya yana kallon teku. In ya zo taga Glenda ba ta jira.

"Ni ce Glenda, matar Ronnie. Ga ruwan wanke-wankenka."

Yakan karɓa ya yi murmushi. Ya manta kofin, ya manta zagin, ya manta sunayen ƙungiyoyin da ya yi wa wasa. Abu ɗaya ne ya ƙi barinsa. Yana kurɓar shayin sai fuskarsa ta canza.

"Yaron nan, an kai shi asibiti?"

"An kai shi, Alec. Ga shi can."

Ranar Asabar ɗin bikin, bayan an gama jawabai an ci dankali da naman tunkiya, Dale ya zo ya durƙusa a gaban kujerarsa, wata 'yar yarinya mai jan takalmin roba tana riƙe da wuyansa. Alec ya dubi yarinyar, ya dubi Dale, ya daɗe yana dubansa. Sai ya miƙa hannu biyu ya kama fuskarsa.

"Yaya sunan 'yarka?"

"Elsie, Tsoho," in ji Dale. "Sunanta Elsie."

Alec ya gyaɗa kai ya sake shi. "To," ya ce. "Je ka yi wasa."

Mun gode, Alec Relph. Glenda ta gode, Kirsty ta gode, Elsie ma in ta girma za a gaya mata wanda ya bar mata uba. In ka manta, ka zo taga. Za mu gaya maka kullum.